GODIYA DA ƘAFA AKE YIN TA

(Jawabin da ɗaya daga cikin malaman lakwal na garinmu ya yi a taron ƙungiya, ran Lahadin godiyar kaka, bayan an fito sujada. Mun buga shi don ƴan uwa da ke nesa.)

  

Yaro ba ya tsayawa gaban manya ya yi dogon zance sai da izini. Dattawa sun ce mu yi magana, shi ya sa munka tashi. Mu masu alli ne, ba fastoci ba ne. Kuma da Faransanci anka hore mu, har wani sa'i harshen gida yana yi mamu gardama. In mun yi kuskure ku gyara mamu. Iyayenmu Musulmi da sunka karɓi gayyata, za ku ji mun ɗauko magana daga Littafinmu. Ku saurara da haƙuri, don ƙarshen zancen ya shafi rumbun ƙungiya, rumbun kuwa na kowa ne.

Da safen nan mun gaisa da mutum fiye da hamsin. Kowa munka ce ma "ina aiki", sai ya ce "da godiya". Wanda gonarshi ta yi kyau ya ce da godiya. Wanda tsutsa ta cinye mashi hatsi ya ce da godiya. Kalmar ba ta fita bakinmu tun safe har dare. Abin da muke so mu duba tare yau shi ne: bayan bakin ya faɗa, mi ya rage?

LABARIN MUTUM GOMA

Cikin Bishara ta hannun Luka, sura 17, daga aya 11 zuwa 19, akwai wani labari da yaran makarantar Lahadi sunka sani. Yesu yana kan hanyar Urushalima, ya bi ta iyakar Samariya da Galili. A bakin wani ƙauye sai ga mutum goma masu ciwon kuturta. Ba su matso ba, don dokar zamanin ta fitar da su bayan gari. Daga nesa sunka ɗaga murya sunka roƙi jinƙai. Yesu ya aike su wurin firistoci, don firist ne ke duba mutum ya shaida ya tsarkaka kafin a bar shi ya koma cikin jama'a. Sunka kama hanya. Suna cikin tafiya sai jikinsu ya warke. Ɗaya daga cikinsu, da ya ga haka, ya juyo yana yabon Allah da ƙarfi, ya faɗi gaban Yesu ya yi godiya. Mutumin nan Basamariye ne, watau baƙo. Yesu ya tambayi inda sauran taran sunka shiga, sannan ya sallame shi, ya shaida mashi bangaskiyarshi ce ta cece shi.

Mu mutanen wannan yanki ba sai an fassara mamu ciwon nan ba. Asibitin Danja yana nan kudu da Maraɗi tun 1956. Dattawa sun san waɗanda anka gina ma bukka bayan gari, anka keɓe masu ƙwarya. Yau an san ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ba baki ba ne, ba maita ba ce. Yana da magani, ana sha wata 6 ko wata 12, kuma kyauta ake ba da shi. Wanda ya ga wani tabo mai haske a fatarshi, yana taɓawa ba ya ji, ya tafi wurin likita da wuri kafin yatsu su lalace. Wannan tunatarwa ce ta malamin lakwal. Mu koma ga labarin.

Abu uku munka gani a ciki. Mutanen sun tashi tun ba su ga warkewa ba. Ɗaya ne ya juyo. Wanda ya juyo kuwa baƙo ne.

SUN TASHI TUN BA SU GANI BA

Lokacin da Yesu ya ce su tafi, jikinsu yana nan yadda yake. Da sun ce sai sun ga fata ta koma kafin su ɗaga ƙafa, da suna nan bakin ƙauyen. A kan hanya anka warkar da su.

Manomi ya san wannan. Wanda ya yi binne ya ɗauki irin da iyalinshi za su iya ci, ya zuba shi cikin busasshen rairayi, sama ba ko gajimare. Ba ya da takardar alkawari daga kowa. Ya dogara ga Mai ba da ruwa, amma bai kwanta cikin inuwa ba: ya fita da sungumi. Abin da muke kira bangaskiya ke nan.

Dattawa sun ba mu labarin yunwar 1973 da 1974, da ta 1984 wadda mutanen Maraɗi ke kira El Buhari. A lokacin gonakinmu fili ne fetal, iska na binne shuka, mata na yin rabin yini neman icen girki. An kawo itatuwa daga lambun reno an dasa, yawancinsu sun mutu. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya lura da cewa ƴan tsirran da muke sarewa da ƙonewa kowace shekara wajen sassabe ba ciyawa ba ne. Kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na can ƙasa. Ba a bukatar dasa komi. A zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi, a datse sauran, a kiyaye su. Waɗanda sunka fara an yi masu dariya, an ce gonarsu ta ƙazamin manomi ce. Yau ku dubi gawo da kalgo da sabara daga nan har Damagaram. Masu bincike sun ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo ta wannan hanya a Nijar ta kai wajen hekta miliyan 5. Manoma ne sunka yi aikin, da gatarinsu da laujensu.

Mun kawo wannan ne saboda wata magana da muke yawan ji a taron ƙungiya: "Mu jira furoje ya zo." Shekara nawa muna jira? Allah ya riga ya sa saiwa cikin ƙasarmu. Saiwar ita ce ku: mai tura baro a Kano, mai gadi a Yamai, mai sayar da shayi a Agadas, tsohuwa mai tiya biyu a gindin rumbu. A tashi da abin da ke hannu, sauran yana ga Allah.

ƊAYA NE YA JUYO

A aji muna koya ma yara su ce "mersi mushe" in an ba su alli. Suna faɗi da sauri, ido na wani wuri. Iyayenmu sun koya mamu abin da ya fi wannan. In an yi maka alheri yau, gobe da sassafe kana ƙofar gidan mutumin, ka ce ka zo godiyar jiya. In alherin babba ne ba ka zuwa kai kaɗai, sai ka ɗauki baffanka ko abokinka ya taya ka godiya. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Godiya ma da ƙafa ake yin ta.

Kada mu yi saurin zagin mutum taran nan. Littafi bai ce mugaye ba ne. Umarni anka ba su, sunka bi. Kowa yana da iyalin da ya daɗe bai taɓa ba, yana ɗokin gida. Watakila kowane ɗaya ya ce a ranshi: bari in ga firist tukuna, in ga yara, gobe in koma in yi godiya yadda ya kamata. Yesu kuwa matafiyi ne, gobe ya wuce.

Ran wanka ba a ɓoyon cibiya. Mu da ke tsaye gabanku muna cikin taran nan, kuma za mu faɗa maku yadda anka yi.

Da munka ci jarrabawa anka tura mu kwaleji a Maraɗi, ba mu da kowa a birni. Mahaifinmu ya kai mu gidan wani mai sayar da goro da sunka saba a kasuwa. Musulmi ne. Ya san mu Kirista ne, ya ce a shimfiɗa mamu tabarma cikin zaure tare da ɗiyanshi. Shekara huɗu muna cin tuwon matarshi. Ran Lahadi ita ke tashe mu, ta ce: "Kai ɗan nan, tashi, yau ranar sujadarku ce, kada ka makara." A 2005, bayan fara da ƙarancin ruwa na daminar 2004, kun san yadda hatsi ya yi tsada, har buhu ya haura jika 25. Gidaje da yawa sun sallami ƴan lakwal da ke zaune wurinsu, kuma ba mu ga laifinsu ba. Ita ba ta sallame mu ba. Ta ƙara ma fura ruwa, ta ƙara ma miya tafasa, amma ƙwaryarmu ba ta taɓa ɓacewa daga layi ba.

Da munka gama, mun ce mata mun gode, da baki. A ranmu munka yi alkawari: ran da munka karɓi albashin fari, za mu sayo turmin atamfa da buhun hatsi, mu zo da mahaifinmu a yi godiya ta sosai. Anka tura mu wani ƙauye mai nisa. Albashin ya yi jinkiri. Da ya zo, bashi ya cinye. Sai aure, sai suna, sai gyaran ɗaki. Kowane hutu muna ratsa Maraɗi cikin mota, muna ce ma kanmu ba ma shiga hannu sake, sai wani hutun. Ran da munka je da atamfar, mijinta ya fito ya kama hannunmu, ya ce Inna ta yi wata biyar da rasuwa. Ya ce tana yawan tambaya ko ɗan nata ya zama mushe. Atamfar tana nan cikin akwati har yau.

Ba atamfa take jira ba, ƴan uwa. Kunya ce ta hana mu, muna ce mata ladabi.

Ga ku ƴan bida, ba mu tsaya nan don mu ci mutuncinku ba. Mun san zaman waje ba daɗi ne ya kai ku ba. Mun san kwanan tasha da kwanan kango. Ba mu manta da mutum 92 da ƙishirwa ta kashe cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya a watan Oktoba na 2013 ba, yawancinsu mata da yara. Wanda ya samu ya aiko, Allah shi ƙara mashi. Amma akwai waɗanda sunka yi shekara biyar, bakwai, ba su taka garin nan ba, don suna jin kunyar dawowa ba babur, ba rediyo, ba kaya. Basamariyen nan da mi ya juyo? Mutumin da ya yi shekaru bayan gari ba ya da ko anini. Kanshi ya kawo. Uwarka tana zaune bakin ɗaki tana sauraren ƙarar mota. Waya tana da amfani, kuɗin da ake turowa suna da amfani, amma ba su ɗaukar gawa, ba su gyara jinka. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ka zo ko da hannu sake.

WANDA YA JUYO BAƘO NE

Yahudawa da Samariyawa ba su ga maciji da juna. Kowa da wurin sujadarshi, ba su cin abinci ƙwarya ɗaya. Amma ku lura: ciwo ya haɗa su goma wuri ɗaya, ba wanda ya kori Basamariyen daga cikinsu. Yesu kuma bai ware shi ba wajen warkarwa. Daga ƙarshe ma shi anka kafa mamu misali.

Yanzu mun zo kan abin da ya sa dattawa sunka ce mu yi magana. Daminar da ta wuce, cikin Yuli da Agusta, rumbun ƙungiya ba komi ciki. Kun ga abin da ya biyo. Magidanta sun bar gonarsu cikin haki sun tafi ƙwadago gonar wasu don tiyar dare. Wasu sun ci bashin buhu ɗaya za su biya biyu da kaka. Hatsin da munka sayar da arha a Nuwamba shi munka sake saye da tsada. Da anka zo maganar cika rumbun bana, sai wasu daga cikinmu, mu ƴan majami'a, sunka ce tun da yawancin hatsin daga baikon godiya zai fito, a raba shi ga Kirista kaɗai. Wasu kuma daga ɗaya ɓangaren, da sunka ji haka, sunka ce ba su zuba ko zangarniya ɗaya.

Mun san inda zafin ya fito. Ran 16 da 17 ga Janairu na 2015 an ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai, mutum 10 sunka rasa rayukansu. Wasunku suna can, sun gani da idonsu. Ba mu ce ku yi kamar ba a yi ba. Amma in za a tuna, a tuna duka. A ranakun nan akwai maƙwabta Musulmi da sunka buɗe ƙofa sunka ɓoye Kirista cikin ɗakunansu. A garin nan kuwa, wa ke taya mu haƙar kabari? Wa ke zuwa gayyar nomanmu? Rijiya nawa gare mu? Kakanninmu ɗaya. Gida nawa ne nan babu Musulmi da Kirista cikin dangi?

Asibitin Galmi yana aiki tun 1950. Masu bi ne sunka kafa shi, amma ba a taɓa tsayar da majinyaci a ƙofa a ce sai ya faɗi addininshi kafin a duba shi ba. Da haka anka san su. Ubangijinmu ya koya mamu, cikin Matiyu sura 5, mu dubi yadda Uba na sama ke ba da rana da ruwa ba tare da zaɓe ba. Hadarin da ya taso daga gabas ba ya tambayar gonar wa ce. Hatsin da muke kawowa gaban bagade yau da wannan ruwan ya nuna. In munka ce godiya muke yi ma Allah, sannan munka kulle ta ga maƙwabcin da ke kwana da yunwa, mun mai da baikon adashi.

Mu kam ba mu da bakin cewa a hana. Tuwon Musulma ne ya kai mu ga riƙe alli. Ba mu samu mun gode mata ba. Hanya ɗaya ta rage mamu, ita ce mu buɗe rumbu ga waɗanda take sallah tare da su.

ABIN DA MUKE ROƘO

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga shawarar da muke ajiyewa gaban dattawa, su duba, su gyara:

1. Kowane gida da ya samu, ya zuba dami ɗaya ko tiya 5 kafin ƙarshen wata. Wanda bai samu ba, ba a bin shi komi, kuma ba a kiran sunanshi.

2. Kowane ɗan gari da ke aiki waje ya ɗauki jika ɗaya a wata. Mai hali ya turo na wata 6 gaba ɗaya kafin ƙarshen Disamba, don a sayi hatsi yanzu da yake da sauƙi. Tiya 40 ke cika buhu. Mu malaman lakwal mun fara rubuta sunanmu.

3. Ba a buɗe rumbu sai noman fari ya kama. Gwauraye mata, tsofaffi marasa mai yi masu noma, da gidan da ke da majinyaci, su za a fara ba, kyauta. Saura rance ne: a ɗauki tiya 10, a maido 11 da kaka, ɗayar ta ɓera da gyaran rumbu ce.

4. Kwaɗo uku, makulli uku: ɗaya wurin dattijon majami'a, ɗaya wurin wanda liman ya zaɓa, ɗaya wurin shugabar mata. Ba a buɗewa sai su uku sun hallara. Littafin lissafi za a karanta shi a fili, da Hausa, a kuma buga shi cikin wannan takarda don na nesa su gani.

5. Na ƙarshe ba kuɗi ba ne. Kowa a cikinmu yana da wanda ya kamata ya koma ma. Wadda ta shayar da kai lokacin da uwarka ba lafiya. Wanda ya ranta maka kuɗin mota ran da ka fara fita. Mai masaukin da ya riƙe ka a birni. Malamin da ya dake ka don ka iya karatu. Kafin motar ran kasuwa ta tashi, ka je ƙofar gidanshi ka yi sallama. Kada ka jira atamfa.

Iyayenmu, mun tsawaita, ku gafarta mamu. Allah shi ba mu bangaskiyar da ke ɗaga ƙafa. Allah shi sa mu cikin masu juyowa. Allah shi zaunar da garinmu lafiya, Musulmi da Kirista. Matafiya, Allah shi kai ku lafiya, shi maido ku mu gana. Allah shi kai mu baɗi da rai da lafiya, rumbu cike. Amin.